Shehun Malami Mai Murabus

A zamanin En'e, kafin a kafa ƙananan hukumomi irin na yau a 1976, idan tsohon ma'aikaci ya cika shekarunsa na aiki, abin da ake yi masa ba shi da yawa. Ya zo ofis da safe kamar kullum, ya ƙirga wa magajinsa littattafan rasit, ya miƙa masa hatimi da mabuɗin kabad, su biyu su sa hannu a takarda cewa an ba da, an kuwa karɓa. Wani lokaci 'yan'uwansa ma'aikata su haɗa kuɗi su saya masa riga ko agogon bango, a raba goro, a yi addu'a, a watse. Kashegari in ya bi ta ƙofar ofishin, masinja ya gaishe shi da ladabi, amma ba zai taso ya karɓi kekensa ba. Bayan wata shida kuwa sai ka gan shi a layi gaban baitulmali ya zo karɓar fansho, yaron da ya koya wa jan layi da rula yana ce masa, "Baba, sai dai a dawo gobe."

Ba za a kira wannan zalunci ba. Aikin akawu galibinsa yana cikin fayil, in ya tafi fayil yana nan, wanda ya gaje shi ya buɗe ya ci gaba. Amma akwai ma'aikacin da ba a iya karɓar aikinsa da sa hannu a takarda, gama rabin abin da ya sani bai shiga fayil ba, yana cikin kansa. Irin wannan ma'aikaci shi ne babban malamin jami'a, wanda ake kira farfesa, Hausawa kuma suka raɗa masa suna Shehun Malami.

Mai karatu wanda bai taɓa shiga jami'a ba zai so ya san yadda mutum ke kai wa wannan matsayi. Ba shekaru ke kai shi ba, ba kuwa gādo ba. Yakan fara da ƙaramin malami, ya yi digiri na biyu, ya yi na uku wanda ake kira digirin digirgir, yana koyarwa yana bincike, yana rubuta abin da ya gano ana bugawa. Idan rubuce-rubucensa suka taru, sai jami'a ta ɗaure su ta aika wa waɗansu manyan malamai na waɗansu jami'o'i a asirce, su karanta su ce ya isa ko bai isa ba. Wani ya yi shekara ashirin yana hawan wannan tsani, wani ya fi haka, wani kuma har ya bar aiki bai kai ƙarshensa ba. To, wanda ya kai, dokar Nijeriya ta 2012 ta ce ya yi aiki har ya cika shekara 70, sauran malamai kuwa 65. Ran da ya cika, ko da ƙafarsa ta fi ta saurayi ƙarfi, sunansa ya fita daga takardar albashi.

A lura da abin da ke fita tare da shi. Shi ne ya san dalilin da ya sa aka daina shuka wani irin gero a gonar gwaji shekara talatin da suka wuce. Shi ya san gidan da wani tsohon littafi na ajami yake, da sunan jikan da za a roƙa kafin a bari a gani. Shi ne in ɗalibi ya kawo masa tambaya zai ce, "Wannan an taɓa gwada ta, ga inda aka tsaya, kada ka ɓata shekara biyu a kanta." Ba a rubuta irin wannan a littafi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

A ƙasar Hausa wannan al'amari na sallamar malami don shekarunsa baƙo ne ƙwarai. Malamin zaure ba ya murabus. Tsufa ma ƙara masa almajirai yake yi. Kowa ya zauna a Kano ko Zariya ko Katsina ko Sakkwato ya ga tsohon malami wanda idonsa ya tafi, yana kishingiɗe bisa buzu, almajiri yana karanta masa littafin fiƙihu yana fassara masa, in almajirin ya tsallake layi ya ce, "Koma baya, ka bar wani abu." Ba wanda ya taɓa zuwa da takarda ya ce masa yau ya cika saba'in, ya tashi daga buzun. Ran da ya daina ba da karatu, ran nan ne aka ɗauke shi zuwa makwancinsa, sa'an nan ɗansa ko babban almajirinsa ya zauna wurin.

Har ma akwai misali babba a tarihin ƙasar nan na mutumin da ya ajiye mulki ya riƙe karatu. Bayan yaƙe-yaƙen jihadi sun lafa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya zauna a Sifawa. A 1812 ya raba al'amuran ƙasa tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ɗaya yamma ɗaya gabas, shi kuwa ya duƙufa ga koyarwa da rubutu. A 1815 ya koma Sakkwato, ya rasu a 1817. Ya saki linzami a hannun waɗanda ke da ƙarfin riƙe shi, amma bai rufe littafi ba.

To, me ya hana jami'a ta yi kamar zaure, ta bar tsoho a kujerarsa har ajalinsa? Abin da ya hana shi ne kuɗi da iko. Malamin zaure ba hukuma ke biyansa ba, zamansa kuma bai hana almajirinsa ya buɗe nasa zauren a unguwa ta gaba ba. A jami'a kujeru ƙirgaggu ne, kowace da albashinta. In tsoho bai tashi ba, yaro ba zai zauna ba, kuma yaron nan fa ba yaro ba ne, mutum ne mai furfura da 'ya'ya a makaranta. Ban da haka farfesa yana da iko: yakan shugabanci sashe, yakan zauna a majalisar dattawan jami'a, da bakinsa ake ƙara wa wani girma, da bakinsa ake hana wani. Mutum ɗaya ya riƙe wannan shekara hamsin, ko da waliyyi ne, sashen zai koma gandunsa. Saboda haka dole a sallame shi. Amma kuma in an sallame shi irin sallamar akawu, an yi hasarar da ba ta da magani. Tsakanin waɗannan abubuwa biyu ne jami'o'in Turai suka samo wata dabara, sauran duniya kuma ta ɗauka, watau a naɗa shi abin da ake kira Farfesa Emeritas.

Wannan kalma ta Rumawan dā ce, daga harshensu na Latin, kuma asalinta ba ta makaranta ba ce, ta barikin soja ce. Sojan Rum yakan yi shekara 20 yana bauta wa sarki, daga baya aka mai da ita 25. In ya cika su da rai, sai a ce ya zama emeritas, watau ya biya abin da ake binsa, a sallame shi da girma, a ba shi gona ko kuɗi. Shekara 25 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, Sarki Agustas ya gina wa irin waɗannan tsofaffin sojoji gari guda a ƙasar Sifaniya, aka kira shi Emerita Agusta. Garin yana nan har yau, sunansa ya lanƙwashe a bakin mutane ya koma Merida. Daga nan malamai suka ari kalmar. A Jamus ta dā sun kai abin matuƙa, gama farfesa in ya tsufa sai a ɗauke masa wajibin koyarwa kawai, a bar masa albashinsa da sunansa. A Hausa, in ana son fassara mafi kusa, sai a ce Shehun Malami mai murabus. Sai dai kalmar murabus tana da ɗan tabo, don sau da yawa in an ce sarki ya yi murabus, kowa ya san ba shi ya so ba. Wannan kuwa ba tuɓewa ba ce, naɗi ne bayan an gama aiki.

Yadda ake yinsa a jami'o'in Nijeriya shi ne, ba kowane farfesa da ya bar aiki ake ba shi ba. Sashensa ne zai fara kai sunansa, a duba shekarun da ya yi yana farfesa, da littattafan da ya rubuta, da yawan waɗanda suka yi digirin digirgir a hannunsa, da yadda sunansa ya kai a waje, da kuma halinsa. Daga nan maganar ta hau zuwa majalisar dattawan jami'a, daga can zuwa hukumar gudanarwa. In sun yarda, galibi sai a bayyana ranar bikin yaye ɗalibai, a karanta tarihinsa a gaban jama'a yana tsaye cikin alkyabbar malamai. Kowace jami'a da nata sharuɗɗan. A Amurka akwai jami'o'in da kusan kowa ya daɗe yana aiki ya kuwa bari lafiya sukan ba shi, a nan kuwa an fi tsanantawa.

Abin da ake ba shi kaɗan ne in an auna da kuɗi. Yakan sami ɗaki a sashensa, da izinin shiga ɗakin karatu da ɗakin gwaje-gwaje, sunansa ya zauna cikin littafin jami'a har ƙarshen ransa, in ana biki ya shiga sahun malamai. Yana iya duba aikin manyan ɗalibai, yana iya ba da lacca in an roƙe shi. Wata jami'a takan ɗan ba shi wani abu na mai da magani, wata ba ta bayarwa. Abin da aka karɓe masa shi ne iko: ba zai sake shugabantar sashe ba, ba shi ke raba aiki ba, ba ya hana kowa ƙarin girma. An bar masa buzu da littafi, an karɓi hatimi da mabuɗin kabad. Ka ga ashe bayan doguwar tafiya boko ya zagayo ya iske abin da zaure ya sani tun tuni.

Kada mai karatu ya haɗa wannan da digirin girmamawa wanda jami'o'i ke bai wa sarakuna da attajirai da gwamnoni. Wancan ana iya bai wa mutumin da bai taɓa riƙe alli ba. Wannan sai wanda ya tsufa a cikin aji.

Wanda yake son ganin amfanin abin ya dubi rayuwar Farfesa Umaru Shehu na Barno. An haife shi a Maiduguri a 1930. Yana cikin samarin da suka shiga kwalejin Ibadan a 1948, shekarar da aka buɗe ta, ya ƙarasa karatun likita a Libaful ta Ingila. Ya yi aikin lafiya a gwamnatin Jihar Arewa, ya zama farfesan kiwon lafiyar al'umma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Daga 1978 zuwa 1980 shi ne shugaban Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, ɗan Arewa a tsakiyar ƙasar Ibo, shekara takwas kacal bayan ƙare yaƙin basasa. Ya yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya, sa'an nan ya komo gida Jami'ar Maiduguri, wadda ta naɗa shi Farfesa Emeritas.

Da a ce sallamar akawu aka yi masa, da labarinsa ya ƙare nan. Amma a 2003 wata fitina ta taso a Arewa. Jita-jita ta bazu cewa maganin rigakafin shan inna da ake ɗiga wa yara an sa masa abin hana haihuwa, har waɗansu jihohi suka dakatar da shi, cutar kuwa ta sami hanya ta tsallaka zuwa ƙasashen da ta riga ta bari. A irin wannan rana ba ƙarfin hukuma ake bukata ba, gama hukumar ce mutane ba su yarda da ita ba. Ana bukatar dattijo na gida, masanin abin, wanda ba ya neman kujera a wurin kowa. Umaru Shehu, yana da shekara saba'in da 'yan kai, yana cikin waɗanda suka sa aka auna maganin, suka fito suka shaida wa jama'a cewa lafiyarsa lau. Ba maganarsa kaɗai ta kashe wutar ba, sarakuna da malamai da likitoci da yawa sun sa hannu, Kano kuma ba ta koma ga rigakafin ba sai a 2004. Amma Allah ya ja kwanansa har ya ga ranar 25 ga Agusta 2020, da aka bayyana cewa ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a nahiyar Afirka. Ya rasu ranar 2 ga Oktoba 2023, yana da shekara 92.

Akwai kuma wani misali da ya shafi harshen da ake karanta wannan littafi da shi. Paul Newman Ba'amurke ne, an haife shi a 1937, ya fara zuwa Nijeriya yana saurayi ya koyar a Maiduguri. A 1972 shi ne shugaban farko na cibiyar nazarin harsunan Nijeriya a kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda ta zama Jami'ar Bayero. A 2000 ya fitar da babban littafinsa na nahawun Hausa, mai shafi fiye da ɗari bakwai. Jami'ar Indiyana ta naɗa shi emeritas da ya bar aiki, bai kuwa ajiye alƙalami ba. A 2020 shi da maiɗakinsa Roxana suka fitar da ƙamus na Hausa da Turanci wanda maɗaba'ar Jami'ar Bayero ta buga a Kano, a 2022 kuma, yana da shekara 85, ya fitar da littafi a kan tarihin harshen Hausa. Irin wannan aiki sai mutumin da aka ɗauke wa zaman mitin da gyaran takardun jarrabawa, aka kuwa bar masa ɗakin karatu.

Sai dai fa ba kullum abin ke tafiya haka ba, kuma laifin yakan zo ta fuska biyu. Wata jami'a takan yi biki, a buga ganga, a karanta yabo har tsoho ya yi ƙwalla, ranar Litinin ya zo ya tarar ɗakin da aka ce nasa ne an cika shi da karyayyun kujeru, mabuɗin kuwa yana wurin wani wanda ya tafi hutu. Fanshonsa ya yi wata da watanni bai fito ba, motarsa ta mutu, ba shi da kuɗin mai da zai zo ya duba aikin ɗalibin da aka ce ya duba. Yabon gwani ya zama dole, gaskiya ne, amma ba a cefane da yabo. Wannan rawani ne aka naɗa wa mutum ba a ba shi ko kan doki ba. Har wa yau akwai inda son kai ke shiga, a bai wa wanda ya iya zama da manya, a manta da wanda ya yi shekara arba'in a ɗakin gwaji bai iya fadanci ba. In aka yi haka sau biyu sau uku, sunan ya zube, har wanda ya cancanta ya ji kunyar ɗaukarsa.

Ta ɗaya fuskar kuma, tsohon da kansa yakan ɓata abin. Wani an karɓi hatimi daga hannunsa amma bai saki a zuciyarsa ba. Kullum yana ofishin shugaban sashe, wanda ɗalibinsa ne, yana faɗa masa wanda zai ɗauka da wanda zai kora, shi kuwa kunya ta hana shi ya ce, "Malam, a bar mini wannan." A ƙasar da almajiri ba ya ɗaga ido ya dubi malaminsa, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, gama abin da doka ta hana tsoho da takarda sai ya same shi da kwarjini. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Wani kuma ilminsa ya tsaya inda ya bar shi shekara ashirin, duk abin da yara suka zo da shi sabo ya ce shirme ne, alhali kuwa likitanci da aikin gona da kimiyya ba su jiran kowa. Akwai na uku wanda ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Sunan jami'a yana kan katinsa, shi kuwa yau yana Abuja gobe yana Landan, ɗaliban sashensa ba su san kamanninsa ba.

Duk da haka, in aka auna, hasarar korar tsoho ta fi wahalar zama da shi, musamman yanzu da jami'o'i suka yi yawa ƙwarai, malamai masu ƙarfi da dama kuma suka tafi ƙasashen waje neman abin da ya fi. Sashe guda sai ka tarar ɗalibai masu neman digirin digirgir sun fi ƙarfin waɗanda za su duba su. A irin wannan hali, a ce mutumin da ya yaye farfesoshi goma yana zaune a ƙofar gida yana sauraron rediyo, ba wanda ya tambaye shi kome, wannan rijiya ce ta ba da ruwa guga ya hana.

Akwai wani abu ɗaya da ba a cika sa shi cikin sharuɗɗan naɗin ba, ya kuwa kamata a sa, watau maganar takardunsa. Kowane tsohon farfesa yana da akwatuna a gida: littattafan da ya rubuta abin da ya gani a ƙauyuka, kaset-kaset na muryoyin tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya, wasiƙu, hotuna, taswirori. Shi kaɗai ya san abin da ke cikin kowane akwati. In ya rasu ba a tsara su ba, magada ba su san darajarsu ba, gara ta ci rabi, damina ta ci rabi, abin da ya saura a same shi wurin mai ƙosai an naɗe wa yaro na naira hamsin. Shekarun farko na murabus, tun ido yana gani, su ne lokacin da za a ba shi ɗalibi ɗaya ko biyu su zauna da shi, yana faɗa suna rubutawa a bayan kowane fayil, ana ɗaukar hotonsu a kwamfuta. Wurin ajiya kuwa ba a rasa ba. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim yana Zariya, Gidan Arewa kuma yana Kaduna, a gidan da Sardauna ya zauna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 domin irin wannan aiki.